Sai Auta Ta Sauka

"Kada ki ɗauka tukuna! Hular, Tela, miƙo mini hular!"

Wayar tana ta ruri a hannuna, hoton Auta yana haskawa a gilashinta, shi kuma Baba Direba yana fafutukar tashi zaune a kan gado, abin da tun jiya da yamma ya gagare shi. Inna, matarsa, ta tallafo bayansa ta cusa matasai biyu. Na zaro hular daga ƙusar bayan ƙofa na ɗora masa. Ya sa hannu ya ɗan karkata ta gefe yadda ya saba.

"Yaya kika gan ni?"

"Kamar sabon ango," na ce.

"Ƙarya dai ba ta yi miki wuya, shi ya sa kika zama tela. To, ɗauka."

Na danna, na riƙe masa wayar daidai fuska. Sai ga Auta tsaye a wani makeken filin jirgi, mutane suna ta wucewa a bayanta da akwatuna, idanunta sun kumbura. Daren jiya ta bar gidan nan. Jirgin farko ya kwana yana tafiya da ita, ya sauke ta da sassafe a wannan wuri da za ta canza jirgi, kuma sai na biyun ne zai tsallaka da ita babban teku zuwa nahiyar da take aure da aiki.

"Baba, ina kwana? Yaya jikin?"

"Garau. Ba ki gan ni a zaune ba? Yanzu na gama shan shayi, har da ƙari."

Kofin shayin yana nan a bakin taga, ko kurɓa biyu bai yi ba.

"Baba, aikina ke nan fa. Jinya nake yi kullum. Daga nan ina jin yadda kake numfashi." Ta share hanci da bayan hannu. "Na tambaya, akwai jirgin da zai dawo gida da azahar. Zan canza tikiti."

Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na san in Auta ta juyo, to ta juyo ke nan. Asibitin da take aiki sun riga sun ƙara mata hutu sau ɗaya, sun kuma faɗa mata ɓaro-ɓaro ba za su sake ba. Ga yara biyu ta baro wa mijinta, ƙaramin tun da ta taho ya ƙi abinci sai an yi da gaske.

"Ki dawo ina?" in ji Baba Direba. Ban san inda ya samo muryar ba, ta fito sak irin wadda yake kiran fasinja da ita a da. "Shekara arba'in ina jan babbar mota, ban taɓa juyowa da fasinja daga tsakiyar hanya ba. A kanki zan fara? Yaran nan fa, wa kika bar wa su? Wannan mijin naki da ko ruwan zafi in ya dafa sai ya ƙone?"

Ta yi dariya cikin kuka. "Baba, in na tafi, ƙila..."

"Ƙila me? Kin zo, kin gan ni, kin yanke mini farce, kin aske mini kai, kin ji labaraina har kin gaji kina hamma. Me ya rage? Ni abu ɗaya nake so a wurinki yau. Ki hau jirgin nan, ki kira ni ki ce kin sauka lafiya. Zan jira."

"Za ka jira?"

"Kin taɓa jin na saɓa lokaci?"

Can wata murya ta yi sanarwa ta lasifika a bayanta, ta waiga, ta juyo. "Suna kiranmu," ta ce a hankali. "Anti Tela, don Allah ki kula mini da su." Na ce ta je abinta, babu komai. Gilashin ya yi duhu.

Nan take jikinsa ya saki, ya zame a kan matasan, hular ta gangaro ƙasa. Gumi ya keto masa a goshi, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Inna ta ɗauko tsumma tana goge masa tana faɗa, "Kai dai ba za ka daina taurin kai ba."

"Ta hau dai, Kwandasta," ya ce. Haka yake kiranta tun kafin in san su, wai don ita ce mai yi masa ihu in ya yi ba daidai ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da ɗakinsu, kuma katangar ba ta da sirri. Ina jin tarinsa, yana jin ƙarar kekena. Da yana da lafiya kullum yana kan benci a ƙofar shagon, yana sa mini baki a aiki kamar shi ya koya mini. In mace ta zo karɓar ɗinki na ce ta dawo gobe, sai ya ce mata, "Goben Tela tana da nisa, ki taho da guzuri." Sau da yawa na kore shi, bai taɓa tafiya ba. Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, likita ya sallame shi ya ce a kai shi gida a kula da shi, mu ma muka gane abin da ake nufi. Yayyen Auta biyu tun suna ƙanana Allah ya karɓi abinsa, sai sunan Auta ya zauna mata ko da yake ita kaɗai ta rage musu.

Wayarsu ƙarama ce mai maɓallai, don haka kafin Auta ta tafi ta sa mini wata manhaja a tawa, ta nuna mini yadda ake ganin jirgi yana tafiya a kan taswira. Ranar ban buɗe shago ba. Na ɗebo rigunan da suka rage a kalmashe musu baki da hannu, na zo na zauna a kujerar gefen gadonsa, na jingina wayar da kwalbar magani yadda zai iya gani.

Da hantsi ɗan ƙaramin jirgin ya fara motsi a gilashi.

"Sun tashi," na ce.

"Nawa ne nisan?"

Na ƙanƙance ido na karanta masa lambobin da ke ƙasa. Kilomita dubu bakwai da 'yan kai, ban da wanda ta riga ta yi da dare. Ya rufe ido yana motsa leɓe, na san lissafin hanya yake yi.

"Da motata ce, sai in yi sati ina tafiya ban ga ƙarshenta ba. Kuma su yau za su isa?"

"Kafin magariba."

"A ina suke tsayawa shan mai?"

"Ba sa tsayawa, Baba."

"Fasinja fa, in yana son ya miƙe ƙafa?"

"Sai ya miƙe a ciki."

Ya girgiza kai. "Wannan ba tafiya ba ce, jifa ce. An ɗauki mutum an wulla."

Ba a jima ba ya gano abin da zai ba shi haushi, shi da ma ba ya rasa shi. Layin da jirgin yake bi a taswirar ba miƙaƙƙe ba ne, ya lanƙwasa ya yi sama kamar marikin bokiti kafin ya gangaro inda za su sauka. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna.

"Dubi nan. Ga gari can, ga shi nan. Me ya kai shi wannan dogon zagaye? Sabon direba ne?"

Ni ina na sani? Auta ta yi mini wani bayani a kan cewa duniya a dunƙule take, amma ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Sai na ce, "Ƙila hanyar tsakiyar ba ta da kyau."

Na ɗauka zai yi mini tsiya. Sai na ga yana nazarin layin, can ya gyaɗa kai.

"To, ya san aiki. Yara ne suke son yanke. Duk direban da ya ɗauko 'ya'yan mutane, gara ya zagaya ta inda ya sani." Ya sauke yatsan. "Na yarda da shi."

Daga nan hankalinsa ya kwanta da mutumin da bai taɓa gani ba, har yana kiransa abokin aiki. Inna ta ɓare lemo ta matsa masa ruwan a leɓe, ya tsotsa ya ce tun da yake bai taɓa shan mai zaƙinsa ba. Ta ce haka ya faɗa a kan na jiya. A waje mai gyaran babur yana ta ƙwanƙwasa ƙarfe, wata mata tana ciniki da mai kayan miya a kan kura, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa. Na yi ta kalmasa, shi yana gyangyaɗi yana farkawa, kuma duk farkawa tambayarsa ɗaya ce, saura nawa. Ina karanta masa, yana cewa madalla.

Wajen azahar mai allurar da take zuwa duba shi ta zo. Ta auna shi, ta taɓa ƙafafunsa, ta yi masa wasa ta ce ya fi ta ƙarfi. Da na raka ta ƙofa sai ta riƙe hannuna ta rage murya. "Kada ki yi nisa yau. Ban ga alamar zai kai dare ba."

Na tsaya a zaure na kasa komawa. Tsoro ya kama ni sosai, ba na mutuwar ba, wannan duk mun san tana tafe. Tsorona kada ta riga jirgin. Baba Direba ya yi wa yarinyar nan alkawari, ta dogara da shi ta bar uban da take gani da idonta yana ƙarewa, in ta sauka ta kira aka ce babu shi, har abada ba za ta yafe wa kanta ba. Na wanke fuska a bakin famfo sannan na shiga.

Na tarar suna hira shi da Inna, ita a bakin gado tana murza masa yatsu.

"Kin tuna ranar da aka haife ta ina kan hanya?"

"Yaya zan manta? Ka shigo da warin man mota ka ce sai ka ɗauke ta, ungozoma ta kore ka."

"Ta kore ni, na zagaya ta taga." Ya yi murmushi, ya huta, ya ci gaba. "Kwandasta, ni fa na ji daɗin duniya. Ban taɓa kifar da mota ba. Na samu mace mai faɗa, abinci bai taɓa yi mini gishiri ba sai ranar da ta ga dama. Yarinyata ga ta can a sama kamar wata babbar ma'aikaciya. Me kuma zan nema?"

"Ka nemi ka yi shiru ka huta," in ji Inna, amma ba ta saki hannunsa ba.

Bayan la'asar ne abin ya so ya ɓaci. Ya buɗe ido ya dubi wayar, ya daɗe, sannan ya ce, "Tela, ya tsaya."

Na leƙa. Da gaske ɗan jirgin ya kafe a tsakiyar shuɗin teku, lambobin ƙasa ma sun daina raguwa. Na girgiza wayar, na goge gilashin da bakin mayafina, babu abin da ya canza.

"Sabis ne, Baba. Ka san halinsa."

"Jirgi ba ya fakin a sama." Numfashinsa ya fara sarƙewa, yana neman yaye bargon. "Ku ɗaga ni. Me ya same su?"

"Babu abin da ya same su!" Na ji kaina ina yi masa tsawa kamar yadda nake yi in ya dame ni a shago. "Ka kwanta, yanzu zan dawo."

Na fita da gudu ba takalmi, na bi ta gaban shagona har bakin titi inda sabis ya fi kamawa. Na ɗaga wayar sama kamar mai tallar ta, 'yan makaranta da suka taso suna kallona suna dariya, ni ko a jikina. Alamar neman sabis tana ta juyawa tana juyawa. Na yi duk addu'ar da ta zo bakina. Sai kawai jirgin ya yi tsalle gaba, ya bar tsakiyar tekun ya matso dab da bakin ƙasa, lambobin suka zube suka koma ɗari-ɗari.

Na dawo ina haki na kai masa wayar har hanci. "Ga abokin aikinka nan! Har ya hango gari."

Ya duba, ya sake dubawa. Sannu a hankali ƙirjinsa ya lafa. "Na faɗa miki ya san aiki," ya ce, kamar ni ce na yi shakka.

Daga nan bai ƙara yin barci ba. Bai kuma ƙara magana sosai ba, yana tattalin numfashin kamar mai tattalin mai a doguwar hanya. Idonsa yana kan gilashin. Rana ta janye daga kan bargon ta hau bango, mai gyaran babur ya tattara kayansa, titin ya yi sanyi. Na ajiye allura. Lambobin suka yi ta raguwa har suka ƙare, aka rubuta cewa jirgin ya sauka.

"Ya sauka, Baba."

"Ita zan ji," ya ce da raɗa.

Wannan jiran ya fi na yinin duka tsawo. Na san akwai layin duba fasfo, akwai jiran akwati, amma sanin bai rage mini komai ba. Leɓunansa sun bushe, Inna tana ɗiga masa ruwa da cokali. Wani lokaci numfashin yakan tsaya har in miƙe tsaye, sai kuma ya dawo. Ana gab da magariba wayar ta yi ruri.

"Ban da hoto," ya ce. Na gane, na ɗauka da murya kawai na buɗe lasifika, na ajiye ta a kan matashi kusa da kunnensa.

"Baba? Baba, na sauka lafiya!"

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Sai da ya tara ƙarfi sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Kayanki sun cika?"

"Sun cika, Baba."

"Kin duba ƙarƙashin kujera?"

Ta fashe da dariya, irin dariyarta ta yarinta da nake ji ta katanga. "Na duba, Direba. Ban bar komai ba."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba. Kada ku kashe, ga ni zan shiga tasi, ku raka ni gida. Baban yara yana can da su, ƙaramin ya ƙi yarda a fito da shi."

Muka ji an rufe ƙofar mota. Ta shiga ba shi labari, muryarta cike da jin daɗi. Wai a can rana tsaka ce, har yanzu ba su ci abincin rana ba. Wai an yi ruwa titi duk ya jiƙe. Matar da ta zauna kusa da ita a jirgi ta yi ta minshari tun daga tashi har sauka. Mai tasin yana gudu, da Baba yana nan da ya sha faɗa. Da farko yana amsa mata da "uhm", daga baya ya bar mata maganar, yana saurare da ɗan murmushinsa. Ina kallon bargon yana ɗagawa yana sauka a kan ƙirjinsa. Tana cikin labarin wata gada da aka gyara, bargon ya sauka, na jira ya ɗaga, bai ɗaga ba.

Na dubi Inna. Ta riga ni gani. Leɓunanta suna motsi da salati ba sauti, ta sa tafin hannu ta shafe masa idanu. Kuka ya taho mini, na buɗe baki, sai ta ɗaga yatsa ta ɗora a leɓenta ta girgiza mini kai.

"Baba, kana ji na?" in ji Auta.

Inna ta sunkuya kusa da wayar. Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. "Ya samu hutawa, 'yar nan. Ci gaba, ni ina jin ki. Kun kusa?"

"Saura mu sha kwana biyu mu shiga layinmu."

"To, ina nan."

Na cusa bakin mayafina a baki na cije. Inna ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ba a cikin motar baƙo ba. Bari ta shiga gida, mijinta yana kusa."

Muka zauna a haka, ɗakin yana yin duhu, babu wanda ya tashi kunna fitila. Muka ji tasin ta tsaya, muka ji ƙarar tayoyin akwati a kan daɓe, da ƙarar mukullai. Ƙofa ta buɗe, sai ihun yara ya cika ɗakinmu, "Mama! Mama ta dawo!" Ƙananan ƙafafu suna gudu, wani abu ya faɗi ya yi ƙara, Auta tana dariya tana cewa su bi a hankali za su kayar da ita.

Na miƙa hannu zan ɗauko wayar in ba Inna, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bari su gama murna," ta ce.

Ta gyara wayar a kan matashin, ta ƙara matsar da ita kusa da kunnensa, sannan ta ja bargon ta daidaita masa shi a kafaɗa.